Mayafin Inna Dije a Kan Kwalta

Gwiwa

Tun kafin ladan ya gyara murya muka ɗaura sirdi. Damina ta yi nisa, gero ya ɗara mutum tsawo, gari na ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ni tela ne a Kazaure, hawan da na sani shi ne na keken ɗinki. Saƙon Inna Dije ne ya kawo ni Gwiwa, ita ce matar Baffa Sambo, yayan mahaifina. 'Yarsu Hansai ta haihu a Babura, Baffa kuma ya ce zai je suna a kan goɗiyarsa, domin bai taɓa shiga mota ba, ba ya kuma da niyyar farawa da furfura.

Lokacin kuɗin fetur sun fara shigowa, motoci sun cika hanya kamar an buɗe musu turke. Bara waccan, wata mota ta buge Malam Buba, abokin hawan Baffa tun suna samari, a kan kwaltar da ta bi ta Kazaure zuwa Daura. Da almuru abin ya faru, shi da dokinsa babu wanda ya tashi. Tun daga ranar Inna ba ta ƙara jin ƙarar mota daga nesa ba sai ta ajiye abin da ke hannunta.

Baffa ya fito cikin rigarsa kore, wadda shuni ya mayar baƙa, da baƙin rawani. Goɗiyar ma baƙa ce wuluk, sunanta ke nan ma, Baƙa. Na tsaya da fitilar ƙwai ina neman inda mutum ya ƙare, doki ya fara. Inna ta fito daga ɗaki riƙe da mayafinta ruwan ɗorawa, wanda ƙanwarta ta kawo mata tsaraba daga aikin Hajji. An watsa masa 'yan ƙananan ƙyalƙyali masu kama da ɓawon kifi, ko hasken ashana ya taɓa shi sai ya amsa.

"Malam, ka yafa wannan idan kun hau kwalta," in ji ta.

"Mayafin mata? Ni? In shiga Kazaure a haka?"

"Direban da ya buge Malam Buba rantsuwa ya yi ta yi bai gan shi ba."

Baffa ya hau. Inna ta juyo gare ni ta danƙa mini mayafin, hannunta sanyi ƙalau. "Iro, amana. Ka dawo mini da shi." Ban tambaye ta mayafin take nufi ko mai gidan ba, na san amsar.

Roni

Hanyar Roni rairayi ce da jar ƙasa, tsakanin gonaki. Ni aron wani tsohon doki kili aka ba ni, fari mai son tsayawa, duk ciyawar da ya gani sai ya gaisa da ita. Hazon safiya ya kwanta a kan fadamu, shanu suna fitowa daga cikinsa kai da ƙaho kafin a ga jiki. Muna tafe kamar cikin barcin da bai gama sakin mutum ba. Baffa na gaba, ba ya magana, sai 'yar waƙar Fillanci da yake yi wa goɗiyar can ƙasa-ƙasa.

Da hantsi muka isa Roni, muka sauka gindin wata tsamiya inda mata ke sayar da fura. Nonon ranar sabo ne, har yau ina jin ɗanɗanonsa. Mai furar ta miƙo mini canjin sababbin kwabbai tana juya su, ta ce ita dai har yanzu sule take kiran su. Na ga Baffa ya sha ya ƙoshi, fuska ta saki, sai na zaro mayafin daga jaka.

"Baffa, ko don hankalin Inna ya kwanta."

Ya karɓa ya ɗaga shi a rana, har mai furar ta kare ido da hannu. Ya daɗe yana kallonsa. Can ya ce, "To, Tela, mu raba gardama. Ni ba zan yafa ba, amma Baƙa mace ce, ita ya dace da ita." Ya tashi da kansa ya naɗe shi a ƙirjin goɗiyar, ya ɗaure a wuyan sirdi, ya bar bakinsa yana lilo.

Na ce, "Da an ɗan saukar da shi ta baya."

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Ina ka taɓa ganin an yi wa gindin doki ado? Kwalliyar doki a goshi take da ƙirji, inda mutane za su tarbe ka." Haka ne kuwa, ni ma haka na taso na gani. Gaskiya kuma ta yi kyau, baƙar goɗiya da ƙirji ruwan ɗorawa, mutanen kasuwa har juyowa suke.

Kazaure

Duwatsun Kazaure suka fara leƙo mu bayan azahar, kore shar da ciyawar damina, gajimare na tafiya a kansu a hankali. A gidana muka kwana. Maiɗakina ta yi tuwon dawa da miyar kuka, aka zuba wa dawaki dusa da harawa. Cinyoyina kuwa kamar ba nawa ba, a tsaye na kusa cin tuwon nan, Baffa na ta yi mini dariya.

Washegari ruwa ya tsare mu. Tun safe ake yi, bai ɗauke ba sai bayan la'asar. Na ce mu ƙara kwana. Baffa ya ce suna ba ya jiran kowa, mu rage hanya mu kwana Achilafiya, gidan wani tsohon maƙwabcinsa. Ba a musu da Baffa idan ya riga ya sa ƙafa a likkafa.

A bakin gari akwai shingen 'yan sanda. Kofur ɗin ya ɗaga mana sandar shingen yana murmushi. "Baba, amarya aka kai?" Baffa ya ce, "Jika za mu gani." Kofur ya ce, "Allah ya raya. Ku dai bi gefe, manyan motoci ba sa gani da yamma."

Kan kwalta

Ruwa ya wanke kwalta ta yi baƙi tana sheƙi, sararin sama na kwance a cikinta. Baƙa ta kama gefen dama ta miƙe. Tun tana ƙarama gefen ta saba, a zamanin da motoci ke bin hagu, ta yadda duk abin da ke zuwa tana kallonsa ido da ido. To, an sauya hannu, motoci sun koma dama. An yi ta sanarwa a rediyo, amma babu wanda ya gaya wa Baƙa. Na yi ƙoƙarin mu tsallaka ɗaya gefen, ta ƙi fur, Baffa kuma ya ce a bar ta da abin da ta sani.

Mun ɗan yi nisa sai ya ja linzami kusa da wata kuka. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a, na gane nan ne wurin Malam Buba. Da ya shafa sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Hanyarmu tana nan ƙarƙashin wannan baƙin abu. Da, in na zo nan, sawun dokinsa nake dubawa in san ya riga ni. Wannan ba ta riƙe sawun kowa." Tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Rana ta faɗi a bayan gajimare ba mu ga faɗuwarta ba. Yayyafi ya dawo, siriri. Majayin sirdina ya saki, na sauka in ɗaure, Baffa ya ci gaba. Da na ɗago kai, sai na neme shi na rasa. Ina jin kofato ƙwas, ƙwas, a gabana kaɗan, amma ido bai ba ni komai ba. Riga baƙa, doki baƙi, hanya baƙa, duk sun narke sun zama abu guda. Ni da na san yana nan, ban gan shi ba.

Sai haske ya taso daga bayana. Wata babbar motar katako ce shaƙe da buhuna. Direban ya ga farin dokina da farar rigata, ya kauce mini, yana wuce ni ya komo gefensa. Gefen da Baffa yake. Na buɗe baki na ƙwala kira, ƙarar injin ta haɗiye muryata.

Abin da ya biyo baya a hankali na gan shi, kamar a mafarki. Baƙa ta ji rugugi a bayanta ta zabura, ta juyo da ƙirjinta. Fitilar motar ta faɗa kan mayafin Inna, ya haska gaba ɗaya kamar ya kama da wuta, ƙyalƙyalin nan suna ta walƙiya a tsakiyar duhu. Burki ya yi kuka. Motar ta karkace, ta ja taya, ta wuce su da abin da bai fi kamu ɗaya ba, ta je ta tsaya a cikin ciyawa. Ƙugiyar jikinta ta tafi da hannun rigar Baffa.

Na iso da gudu. Baffa na kan sirdi, yana shafa wuyan goɗiyar yana yi mata magana. Direban ya diro, wani dattijo mai ƙiba, ya zo ya durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar kwalta.

"Baba, wallahi tallahi ban gan ka ba. Hanya kawai na gani. Sai ga wani abu ya haska kamar an kunna tocila." Ya kama bakin mayafin yana dubawa. "Wannan ne. Don Allah me ya sa kuka ɗaura shi a gaba? Mu ta baya muke zuwa, Baba."

Baffa ya ce masa ya tashi, Allah ya tsare gaba. Motar ta tafi, jar fitilarta ta yi ta ƙanƙancewa har ta ɓace. Muka tsaya cikin yayyafi, kwaɗi na ta kuka a kududdufai. Can Baffa ya sunkuya ya kwance mayafin daga ƙirjin Baƙa, ya warware shi, ya yafa a kafaɗunsa, ya sake shi ya sauka har gadon bayan goɗiyar.

"Tela, kana da allura?"

Allura ba ta rabuwa da hulata. Na tsaya a kan wani dutse na kama mayafin da rigar a kafaɗa biyu cikin duhu, ɗinki mafi muni da na taɓa yi. Daga nan har Achilafiya ina bayansa, duk motar da ta taso sai in ga tsohon ya haska, ta rage gudu ta ba shi hanya.

Babura

Daga Achilafiya muka saki kwalta muka yi gabas, ta cikin rairayi da rugage. Na ce to yanzu sai a warware ɗinkin. Ya ce a bar shi. Mun kwana a wata ruga, aka ba mu dafaffiyar gyaɗa da nono, matan na leƙen Baffa suna rufe baki. Bai ko nuna ya gani ba.

Kusa da Babura muka haɗu da fataken Nijar da raƙumansu, suna cinikin kanwa ana ta ambaton sefa, kuɗin ƙasarsu. Wani ma'aikacin kwastan ya tambaye mu abin da muka ɗauko, Baffa ya ce, "Kanmu." Ranar jajiberin suna muka shiga gari. Hansai ta leƙo daga ɗakin jego, ta ga mahaifinta da mayafin da ta sani, sai ta dafe ƙirji.

"Baffa, lafiya? Ina Inna?"

"Tana gida lafiya lau. Ita ce ta rako ni."

An raɗa wa yaro suna Abubakar, Baffa ya ce shi Buba zai riƙa kiransa. Ya ɗauke shi ya daɗe yana kallo, jaririn kuma na bin ƙyalƙyalin kafaɗar kakansa da ido.

Komawa

Hanyar da ta kai mu ita ta dawo da mu. A Kazaure ranar kasuwa muka ratsa, ta tsakiyar jama'a, ta gaban shagona, inda abokan sana'ata suka fito suna kallo. Wani ya ɗaga murya, "Baba, mai ɗaki ta san an ɗauko?" Baffa ya ce, "Ita ta bayar." Ya wuce kansa a sama, goɗiya na takama.

Da almuru muka hango Gwiwa, hayaƙin girki ya kwanta a kan rufin ɗakuna. Idon Inna ya daɗe da raunana, da yamma ba ta bambance mutum da kututture. Amma tun muna can bakin gonaki na ga wani ya miƙe daga ƙofar gida ya taho. Ita ce, ba ko takalmi.

Ta tsaya gaban goɗiyar. Ta taɓa yagaggen hannun rigar, ta taɓa mummunan ɗinkina, ba ta tambayi komai ba. Na ce, "Inna, ga amana." Ta gyaɗa kai, ta sa mini albarka har sau nawa ban ƙirga ba. Ni ma a zuciyata godiya nake ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da mutanen da suka ba mu masauki, da direban nan da ban ko tambayi sunansa ba.

Baffa ya sauko ya kama kafaɗa zai tsinke zaren. "Ga kayanki."

Ta riƙe hannunsa, abin da ban taɓa ganin ta yi a gaban kowa ba. "Bar shi, Malam. Tun da aka kawo ni gidan nan, kofato nake saurare in san ka dawo. Yau tun daga bakin gona na gan ka."