Anti Ta Koya Mini Tafiya

Tun ina aji huɗu na fi kowa tsawo a makarantarmu ta Kagoro. Yara suka sa mini suna Falwaya. Sai na koyi ranƙwafawa, kafaɗu a gaba, ido a ƙasa, ina bin gefen hanya.

Ƙanwar babana, wadda muke ce wa Anti, tsohuwar malama ce a Kafanchan. Da na gama kwalejin horon malamai na koma wurinta neman aiki. Tana ganin shigowata da jaka ta ce ba mai ba ni aji in riƙe ina tafiya kamar wadda ta yi sata. Kullum da safe bayan addu'a sai ta ɗora mini littafin waƙoƙi a ka, in taka daga ƙofar kicin zuwa gindin mangwaro in dawo. In ya faɗi mu sake. Wata biyu muna haka. Bayana ya yi ciwo, daga baya ya daina. Wata Lahadi na tashi kai baiko, wato sadakar coci, gaban jama'a, na ga ban yi sauri ba, ban kuma damu da masu kallo ba. Na yi murna ranar, ba zan ɓoye ba.

Intabiyu uku na je. A na ƙarshe, wata makarantar kuɗi, na shiga kaina a sama, na zauna yadda ta nuna mini. Mai makarantar bai ɗago daga wayarsa ba. Ya tambayi wanda ya aiko ni, na ce babu. Ya ce in bar takarduna wurin sakatariya.

Anti ta ce in ci gaba da miƙe wuya, lokaci na zuwa. Da damina ta faɗi a banɗaki, ɓarin jikinta ya shanye. Ni nake ɗaga ta, ni nake juya ta. Wata rana ina jan ta zuwa kujera ta dube ni, bakinta a karkace.

"'Yata, kin sake sunkuyawa."

"Kina da nauyi ne, Anti."

Ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Da ta rasu aka yi biso, 'ya'yanta suka zuba 'yan haya a gidan. Na koma gonar cittar babana, a duƙe daga safe zuwa la'asar. Na daina tambaya ko an buɗe ɗaukar malamai. Bara cittar ta ruɓe a ƙasa. Bana mun sake shukawa, don ba mu san abin da za mu yi ba in ba shi ba.