Bargon da Ya Dafa Batirin Ƙanin Matata

Shekarun baya, lokacin da aka karya turakun wutar lantarki garin nan ya yi wata da watanni ba wuta, ina da shagon caji a Moduganari. Abin da ya tuno min, jiya na ga wasu a dandalin nan suna ta musu a kan ko barin laftof a jone da wuta yana kashe batir. Kowa na ta zuba Turanci. Ni ban iya Turancin ba, amma wannan tambayar ta kusa rufe min shago, don haka ku matsa in faɗi nawa.

A aji biyu na sakandare na tsaya. Kifi nake sarowa daga bakin tafki ina kawowa gari, har ranar da hanyar ta gagara bi. Na sayar da abin da ya rage, na sayi janareta, na sa kafinta ya buga min katako a bango aka jera soket. Da wannan nake ci da mata da yara biyar. Ina kuma da wata tsohuwar laftof ta hannu da nake tura wa mutane karatu da wa'azi da waƙoƙi a memori. Ina buɗe shago nake jona ta, ba na zarewa sai zan rufe kafin dokar hana fita. A kan ƙananan katako biyu take zaune, iska na bi ta ƙarƙashinta. Kada ku ce dabara ce. Teburin ne ya yi min ƙasa, wuyana ke ciwo.

To akwai ƙanin matata. Yana da digiri, ya samu aiki a wata ƙungiya da ke raba wa 'yan gudun hijira kayan agaji, har ya samu mota. Ofishinsu ba kullum suke tayar da inji ba, sai ya riƙa kawo laftof ɗinsa wajena, ya kuma jawo min abokan aikinsa. A nan ba zan ci haƙƙinsa ba, ya yi min hanya. Wata rana har shida za ka gani a jere a shagona, kuma cajin laftof ɗaya ya fi na waya biyar.

Abu ɗaya na lura da shi. Ta kowa tana zuwa yadda kaya ke zuwa. Tasa kuwa kullum da zafi take iso min, kamar burodin da aka ciro yanzu. Na ce masa, "Wannan abar taka a kan murhu kake ajiye ta?"

Ya yi dariya ya ce, "Yaya, mai aiki ce. Ba irin taka ba da ba ta san komai ba sai waƙa."

Na bar shi. Tsakanin mutum da ƙanin matarsa akwai wasa, ban ɗauka da zafi ba.

Sai wata ranar Litinin ya shigo shago cike da mutane, ya ajiye ta a gabana. Ƙasanta ya kumbura, ba ta ma zama daidai a kan tebur, kana taɓa ta tana rawa. Ya ce batirin ya mutu, kuma ni na kashe shi. Wai ina barin ta a jone bayan ta cika, wai ya karanta cewa hakan ne ke lalata batir.

Na ce, "Ga tawa can, shekara uku kullum a jone take. Zare ta ka gani, za ta kai ka la'asar."

Ya dubi mutanen da ke tsaye, ya dube ni, ya ce, "Yaya, don Allah aji nawa ka yi? Abin da masana suka rubuta za ka yi musu da shi?"

Aka yi dariya. Ba mai yawa ba, amma na ji ta, kuma na san waɗanda suka yi.

Cikin mako guda abokan aikinsa suka ɗauke ƙafa. Da a nan ta tsaya da sauƙi. Maganar ta shiga unguwa, ta sauya kama, aka koma cewa soket ɗina na cinye batir. Matar da wayarta ta shekara shida tana tari, ita ma ta ce ni ne. Mutane suka koma wani shago a bayan layi. Sai in tayar da inji in zauna ina kallon mai yana ƙonewa a kan waya huɗu. Akwai ranar da na kashe shi tun kafin azahar, na zauna ina kore ƙuda. Na riga na rasa sana'a ɗaya saboda masu bindiga, ga ta biyu tana tafiya saboda bakin wanda nake saya wa alewa lokacin da nake neman yayarsa.

Matata ta ce, "Ka yi haƙuri, Malam, yaro ne. In je in yi masa magana?"

Na ce, "Kada ki je. In kika je zai ce na aiko mace ta roƙe shi."

Shi kuwa ya sayi sabon batir, ya daina zuwa wajena. Na ji ana cewa yanzu a ofis yake caji, yana zaune a kanta, tana cika ya fizge waya, ba ya sake jonawa sai ta mutu da kanta. Wai haka ake lallaɓa batir.

Bayan kamar wata biyu aka yi haihuwa a dangin matata, a Dusuman. Ranar suna surukina, mahaifinsu, ya ce dukanmu mu shiga motar ɗansa. Ban so ba, amma Baba ba mutumin da ake ce wa a'a ba ne. Muna tsaye a ƙofar gida muna jira, sai ga mai digiri ya fito da laftof a buɗe a hannu yana ta danne-danne, wai rahoto zai ƙarasa a can. Ya rufe murfin haka nan, bai kashe ta ba, ina ganin 'yar fitilar gefe tana ci. Ya ɗauko wani bargo mai kauri irin na sanyi, ya naɗe ta tsaf, ya buɗe but ɗin motarsa, ya cusa ta kusa da tayar safaya, ya ɗora tabarma a kai.

Wanda bai zauna a garin nan a lokacin ba zai ce hauka ne. Ba hauka ba ne. A kowane shingen bincike, idan aka ga laftof a mota sai an sauke ka, ka buɗe, ka kunna, ka nuna takardar wurin aikinka, na bayanka suna ta tsaki. Shi ya sa yake ɓoye ta. Ya kuma saita ta kada ta mutu in an rufe murfin, don ko an gano ta ya buɗe nan take a gani a sallame shi. Dabara ce mai kyau, in ba ka san abin da rana ke yi wa but a watan bazara ba.

Na shiga mota na zauna a baya. Wallahi tun daga nan har Dusuman murna nake yi a ɓoye, ni kaɗai na san abin da nake riƙe da shi.

Muka isa da hantsi. Inuwar da ke akwai dattawa sun shimfiɗa tabarmi a ciki, sai mai digiri ya ajiye motar a fili, rana tsaka. Aka yi wushe-wushe, wato gaishe-gaishen Barebari, aka raɗa suna, aka yi addu'a, aka raba goro da dabino. Rahoto kuwa ya manta da shi, yana can yana nuna wa 'yan uwa agogonsa. Ni ina zaune ina duban motar. Na ci abinci a hankali. Na ƙara. Ban taɓa jin daɗin jinkirin masu rabon abinci ba sai ranar.

Bayan azahar maza suka koma gindin darbejiya, hira ta kai ga wahalar rashin wuta. Na san ba zai iya haƙuri ba, kuma bai iya ba. Ya nuna ni da haɓa ya ce, "Ku dai ku yi hankali da masu caji. Ga babban injiniyanmu nan, ya dafa min batir har ya kumbura kamar fanke."

Aka fara dariya. Na jira ta lafa, sannan na juya wajen surukina na ce, "Baba, ina neman alfarma ɗaya. Ka ce ya ba ni makullin mota."

"Me za ka yi da shi, ɗana?"

"Wanda ke dafa batirin zan kawo maka."

Baba ya dubi ɗansa. Shi kuma ya fara cewa ai Yaya wasa yake, ai ba sai an je ba. Baba ya miƙa hannu kawai. Ya ba shi, Baba ya miƙo min.

Na buɗe but, zafi ya bugi fuskata. Na ɗauko ƙunshin da bargonsa, ban warware ba sai a tsakiyar tabarma, a gaban kowa. Fankar cikinta tana ta kuka kamar za ta tashi sama. Na ce, "Baba, ɗora hannunka a ƙasanta."

Ya ɗora. Ya janye da sauri yana yarfewa, ya faɗi wata kalma da Barbarci wadda ba zan rubuta a nan ba. Wani dattijo ya taɓa, ya ce ai wannan za ta soya ƙwai. Aka riƙa miƙa ta hannu zuwa hannu ana riƙewa da bakin riga.

Na ce, "Wata biyu ke nan rabon da ta ga soket ɗina. Haka take zuwa min kullum, na faɗa masa, ya ce mai aiki ce. A kunne yake naɗe ta a bargo, ya kulle a but, ya ajiye a rana. Ko ɗan Adam aka yi wa haka zai kumbura."

Mai digiri ya buɗe baki ya ce abin da ya karanta daban ne. Baba ya ce masa, "Rufe min baki. Ni ban karanta ba, amma hannuna ya ƙone." Sannan ya yanke hukunci: gobe mu je wajen mai gyara tare, duk abin da ya faɗa shi ke nan. In ni ne da laifi in ba da haƙuri. In shi ne, ya je inda ya fara faɗin maganar ya warware ta a can, da rana, mutane na tsaye.

Washegari muka je kasuwa wajen wani mai gyaran kwamfuta, mutumin kudancin Borno, marar yawan magana. Ya kwance ƙasanta ya nuna mana sabon batirin, wata biyu kacal amma gefe ɗaya ya fara tasowa. Ya ce laftof in ta cika da kanta take daina shan wuta, ba ta jiran kowa ya zare. Ya ce abin da batir ya fi ƙi shi ne zafi, sai kuma a riƙa barinsa yana ƙarewa ƙurmus kafin a jona, wanda shi ne daidai abin da mutumina ke yi yana ganin gata ne.

Zan faɗi gaskiya, ni ma ban fita fes ba. Na riga na rantse a gaban mutane cewa jonawa ba ta yin komai sam. Mai gyaran ya ce a'a, in kullum batir yana zaune a cike maƙil, shekara da shekaru, yana ɗan rage masa ƙarfi, gara a riƙa zarewa wani lokaci a yi aiki da shi ya sauka kaɗan. Daidai nan tari ya kama ni, na yi ta yi har ya wuce wannan wajen.

Ranar Asabar da hantsi ya zo shagona. Na riga na aika an gaya wa mai shayi da mai faci da duk wanda na tuna ya yi dariya a ranar farko, don haka wurin bai rasa jama'a ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, murya ƙasa-ƙasa, ya ce ya gano ba daga shagon nan matsalar take ba.

Na ce, "Injin nan na da ƙara. Ban ji ba."

Ya maimaita da ƙarfi. Ya ƙara da cewa, "Yaya, ka yi haƙuri."

Na ce na haƙura. Na haƙura ɗin kuwa, amma sai da na ji sau biyu.

Mutanen unguwa suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, kowa na yi kamar tafiya ya yi. Abokan aikinsa suka dawo a mako na biyu, biyu daga cikinsu da irin nasu bargon, ashe shi ya koya musu. Shagon ya riƙe mu har aka dawo da wuta, na sayar da injin na kama wata sana'ar.

To ga amsar masu musu: barin ta a jone ba shi ne zai kashe maka batir ba. Ka ba ta iska, kada ka ɗora ta a katifa, kada ka kulle ta a mota cikin rana, kada ka riƙa jira sai ta mutu, kuma ka ɗan zare ta wani lokaci. Abin da ya fi tsaya min a rai kuwa ba batirin ba ne. Shi ne yadda unguwa guda, mutanen da suka san ni shekara ashirin, suka yarda da magana don kawai mai faɗin ta yana da takarda, babu ko ɗaya da ya ce bari in taɓa in ji. Wannan ban manta ba, kuma ba na jin zan manta.

Yanzu muna lafiya da shi, ya yi aure, 'ya'yansa a gidana suke wuni. In wani abu ya lalace masa, waya ce ko fanka ko injin ruwa, ni yake fara kira. Ina ganin lambarsa nake ajiye wayar a gabana, in bar ta ta yi ƙara har ta katse. Sai ya sake kira nake ɗagawa.