Katin Suna da Takarda ta Biyu

A shekarar da ake rigimar tazarce, maigidana yana koyarwa a Tsibiri, kuma shi ke riƙe da sunayen malaman sandika, wato ƙungiyar ƙwadago, da suka sa hannu a takardar ƙin amincewa da tazarcen. Sunayen suna cikin kwamfutar da ke ɗakinmu a Sabon Gari. Ya kulle ɓangarensa da kalmar sirri, ni kuma ya buɗe mini ɗan ɓangaren baƙi inda nake sauraren karatun Alƙur'ani. Ya ce daga nan ba a iya kaiwa ga komai nasa. Na yarda.

Wata Talata da hantsi ƙanensa ya zo daga Jiratawa, matarsa ta haihu, yana son buga katin suna. Ya yi karatun kwamfuta a Yamai, kuma kowa ya san yana goyon bayan masu tazarce. Amma ƙanen miji ne, da wane baki zan hana shi?

"Matar yaya, ashe a zaure aka ajiye ki, ba a ba ki makullin ɗaka ba?" ya ce yana dariya.

"Zauren ma ya fi ƙarfinka, baƙauye," na ce.

Ya soka ɗan kilensa na ajiyar bayanai, wani baƙin akwati ya bayyana a allo, ya rubuta layi biyu. Sai ga takardun maigidana a jere. Ya ce sashen da ke kula da buga takardu yana aiki da ikon mai kwamfutar ne, kuma yana da wani aibi, ko baƙo ya aike shi sai ya buɗe masa ko'ina. Yana faɗa yana alfahari, ni kuwa ina tuna cewa a makon nan aka kama malamai biyu da muka sani.

Ya buɗe takardar sunayen. Dariyar ta tsaya. Ina riƙe da kwanon fura, bakina na ta Innalillahi. Na'urar buga takardu ta fitar da katin suna, sannan ta sake jan wata takarda, ta fito da sunayen. Ya ninke ta, ya sa a aljihu.

Na bi shi har ƙofa ba ko mayafi. Na ce, "Don darajar jaririn nan da za a raɗa wa suna, ba ni."

Ya ciro ta daga aljihu, ya miƙo. "Ki ce wa yaya ya goge. Ba ni kaɗai na iya wannan ba."

Na cusa ta a murhu. Amma ya riga ya karanta, kuma ban san abin da ya kwafa a kilen ba. Da maigidana ya dawo bayan la'asar na faɗa masa, ya goge komai. Mun je suna, na yi aikin tuwo da hannuna. Har aka yi watanni, duk kabu-kabun da ya tsaya a ƙofarmu sai na ajiye abin da ke hannuna na kasa kunne.