Tukunyar Tofi a Kujerar Gaba

Lokacin da nake aikin direba a Doha, kafil ɗina, wato maigidan da ya ɗauke ni aiki, mayen tsofaffin kaya ne. Wata rana ya aike ni wani shago a unguwar Al Asmakh in ɗauko masa wata tukunya. Na zaci ta turare ce. Sai mai shagon ya fito da 'yar tukunyar tangaran, koriya, mai sheƙi, bakinta kamar na kakaki. Ya ce daga ƙasar Sin take, ta girmi kakan kakana, kuma manyan can a cikinta suke tofa yawu.

Tukunyar tofi! Kakana gwangwanin madara yake cikawa da yashi, babu wanda ya taɓa yi wa gwangwanin rakiya.

Aka kewaye ta da tawul, aka ɗaura mata bel a kujerar gaba. Maigida sai kira yake yi: kada in yi gudu, kada in taka burki da ƙarfi.

Ni kuwa goro ne a bakina, tsarabar wani ɗan garinmu. Cunkoso ya riƙe mu a hanyar Al Gharrafa, yawu ya cika mini baki. In na tofar ta taga, za a ci ni tara. Na kalli tukunyar, ga baki ta buɗe, aikinta ke nan tun fil azal.

Wayar ta sake ƙara. "Lafiyarta ƙalau?" in ji maigida.

Na haɗiye yawuna, na ce, "Ƙalau take, ranka ya daɗe."