Yatsan da Gottlieb Ya Ƙara

Gottlieb Ranft bai taɓa jin ƙarar igwa ba, amma yaƙin basasar Amurka, na Arewa da Kudu, kaf ta hannunsa ya bi. Masassaƙin hotuna ne a wata jarida a New York, tsoho mai taurin kai, wanda ko tari ka yi kusa da teburinsa sai ka sha harara. Abin taƙamarsa ɗaya ne: bai taɓa canza layin mai zane ba.

Idan zane ya iso daga bakin daga, akan kwafe shi a kan faffaɗan katako, a kwance ƙusoshin da suka haɗa katakon, a raba wa masassaƙa yanki-yanki don sauri. Wani ya sami hayaƙi, wani gindin doki. Ba mai ganin hoton dukansa sai an buga.

Mai zanensu, Asa Whitcomb, ba ya ƙari ba ya ragi, abin da idonsa ya gani shi yake zanawa. Rundunar da yake bi kuwa, a cikinta Emil yake, ɗan Gottlieb tilo. Shi ya sa duk ranar rabon katako gaban tsohon ke faɗuwa.

Wata Laraba shugaban aiki, Cullen, ya dire masa nasa.

"Ga naka, tsoho. Gawa ce, ba za ta yi maka gardama ba."

Ciyawa ce da bakin rami, sai hannu guda a miƙe, babu ƙaramin yatsa. Emil ma ba shi da shi, zarto ya cinye tun yana yaro. Gottlieb ya leƙa yankin maƙwabcinsa ko zai ga fuska.

"Rub da ciki yake," in ji maƙwabcin. "Ni ƙeya kawai na samu."

Da rana matarsa Hedwig ta kawo masa burodi da nama, saƙarta a cikin kwando: safar hannu take yi wa Emil kafin sanyi, ta hagu mai yatsu huɗu. Kafin ya kife katakon idonta ya kai. Ta tsaya tana ƙirga yatsun. Can ta saki ajiyar zuciya.

"Na dama ne, Baban Emil! Na yaronmu na hagu ne. Kai, ka kusa kashe ni da wannan fuskar taka."

"Na dama ne," ya ce.

Ta tafi tana godiya ga Allah. Shi kuwa tsoro ya daskarar da shi a kan kujera, don ko ɗan koyo ya san katako a juye yake bugawa. Abin da ke dama a nan, hagu ne a takarda, hagu ne kuma a filin da Whitcomb ya tsaya, tunda dama a juye ake kwafe zanen a kan katako. Ga shi Hedwig ba ta fashin sayen jarida ranar Asabar.

Ya daɗe yana kallon hannun. Sannan ya ɗauki fensir ya ja layi biyu, ya bi su da ƙarfen sassaƙa.

Asabar jarida ta fito, mamacin da yatsunsa biyar cif. Hedwig ta duba, ta yi wa uwarsa addu'a ko wace ce, ta koma kan saƙarta. Gottlieb na zaune kusa da ƙofa, kunnensa a kan matakala ko zai ji takun mai kawo labarin mutuwar Emil, ita kuwa tana ɗaure zaren yatsa na huɗu.