'Yan Tsanar Yaya Balaraba

A wannan watan Yaya Balaraba ta cika shekara bakwai da rasuwa. Ni nake bi mata, kuma ni ta bar wa 'yarta Nusaiba da kwali biyu na 'yan tsana a gidan hayarmu na Al Muraqqabat, nan Dubai. Riƙon Nusaiba bai taɓa ba ni wuya ba. Kwalayen ne suka tsaya mini a rai.

Yaya 'yar kasuwa ce, tana saro abaya da takalma a Murshid Bazaar ta aika Kano. Mace ce da ko allura ba ta saya sai ta gajiyar da mai kanti da ciniki. Amma wata maƙwabciyarmu 'yar Filifin ta gaya mata cewa ƙananan 'yan tsanan nan masu cushen auduga, su zomo da giwa da kare, Turawa na tara su, kuma bayan 'yan shekaru tsadarsu sai ta kamo ta gwal. Shi ke nan Yaya ta faɗa. Na yi ta tsokanarta ina kiranta Hajiya mai gwal ɗin auduga, ta ce in jira in gani.

Sharaɗin abin shi ne kada yaro ya taɓa su. Kowace tana cikin ledarta a ɗaure. Nusaiba tana ƙarama lokacin, sai ta tsaya gaban kabad tana kallonsu ta gilashi, uwar ta ce ba na wasa ba ne, kuɗin karatunta ne a ciki. Na ji haushin Yaya a kan wannan, har yau ma ban gama hucewa ba. Yarinya ta tashi a gida cike da 'yan tsana ba ta taɓa rungumar ko ɗaya ba.

Bana Nusaiba ta gama sakandare. Ita ta fara ta da maganar, fuska a ɗaure.

"Anti Rabi, mu kai su a sayar. Ina so in ga abin da ya fi ni daraja a wajen Mama."

Maganar ta soke ni. Muka ɗauki kwalayen zuwa wajen wani dattijo mai sayen tsofaffin kaya a Al Buteen, kusa da bakin ruwa. Ya duba su a hankali, ya ce yayin abin ya daɗe da wucewa. Masana'antu sun yi su da yawa, kowa kuma ya ɓoye nasa kamar yadda Yaya ta yi, yanzu masu sayarwa sun fi masu saye. 'Yan kaɗan ne da ba a yi da yawa ba har yanzu ake nema, kuma ya ga irinsu a cikin namu. Sai ya kwance leda ɗaya, ya kai hanci, ya girgiza kai. Ya ce hayaƙi ya kama su, masu tarawa ba sa sayen abin da ke da ƙamshi ko wari. Khalas, wato magana ta ƙare.

A nan na tuna. Duk lokacin da Nusaiba ta tafi Islamiyya, Yaya takan fito da su ɗaya bayan ɗaya, ta jera a kan kabbasa, kwandon nan na turara kaya, ta turara su da turaren wutar da ake kawo mata daga Maiduguri, wanda sai leshinta na fita biki take yi wa. Wai kada danshin garin nan ya shige su. Iyakar kulawar da ta sani ke nan, kuma ita ce ta kashe musu kasuwa. Da tana raye da ta ce wa dattijon hancinsa ne ke da matsala, ta tsaya musu da shi har la'asar.

Da muka fito na gaya wa Nusaiba abin da na tuna. Ta zauna a kan kwali a bakin titi, ta zaro wata giwa ta cusa fuskarta a ciki. Kayan sawar Yaya tuni aka rabar da su sadaka, babu abin da ya rage mana mai ƙamshinta.

"Da hannunta take turara su?"

Na ce da hannunta, kuma tana yi tana lissafo makarantun da za ki shiga. Ban taɓa ganin yarinyar nan ta yi kuka irin na ranar ba, ko ranar jana'iza.

To, masu tambaya ko 'yan tsanan nan suna da sauran daraja, a kasuwa dai babu. Yaya ta yi kuskuren kasuwanci, ta kuma tauye 'yarta, ba zan ɓoye ba. Allah ya jiƙanta ya yafe mata. Mun dawo da kwalayen gida, sai muka lura duk buɗewar da aka yi wa leda ƙamshin raguwa yake yi. Yanzu Nusaiba ce take ɗaure su tamau, ko ni ba ta bari in taɓa.