Takardun da Na Tarar a Asusuna

Tun ina amarya abu ɗaya na tsana a duniya: in tsaya a bakin dangar maƙwabciya ina cewa a sam mini gishiri. Mahaifiyata ta rayu ta koma ga Allah ba ta taɓa yi ba, ni ma na ɗaukar wa kaina alkawari. Shi ya sa da shekarun nan masu zafi suka zo, lokacin da kwanon gero ya fi ƙarfin talaka, sai na ɗaure zanina tamau na kama man gyaɗa da ƙuliƙuli.

A ƙauyenmu na ƙasar Ɗambatta gona a jikin gona take, kowa da ɗan wurinsa, abin da ake nomawa ba ya kai shekara. Malam, mijina, shi ke kawo hatsi. Amma gishiri da daddawa da kuɗin niƙa da sabulu da ashana, duk sun silalo sun dawo kaina ba tare da an zauna shawara ba. Ban yi ƙorafi ba. Duk ranar da na matse mai na sayar, sai in kasa kuɗin gida uku. Uwar kuɗi ta koma gyaɗa, na cefanen mako su shiga gwangwanin madara, ɗan abin da ya yi saura in ninke shi huɗu in tura a asusu.

Asusun na jan yumɓu ne, na sayo shi wajen wata tsohuwa mai ginin tukwane a unguwar bayan rafi. Bakinsa ɗan tsagi ne, abin da ya shiga ba ya fita sai an fasa. Ranar da na fara, na tura busasshen barkono guda uku a ciki kamar yadda masu ciniki ke yi, don an ce akwai kuɗin tsafi da ake ba mutum, in sun haɗu da naka su kwashe su bar maka takarda, barkono ne ke hana su. Na ajiye shi a ƙarƙashin gado, bayan tukwane. Na marka ne. A marka rumbu ya yi ƙasa, gyaɗa ta yi tsada ba ta matsuwa, sabon gero bai nuna ba. A nan ake gane wadda ta yi tanadi da wadda ta ƙare a ankon biki.

Ba wanda ya kai Malam yabon asusun nan. In ya ga ina tura kuɗi sai ya tsaya a bakin ƙofa yana murmushi.

"Da yayyafi kogi kan cika," in ji shi. "Allah ya yi miki albarka, uwargida."

Ni kaɗai ce gare shi, amma haka yake kirana in yana cikin nishaɗi. Wani lokaci in ɗauko asusun in girgiza a kunnena, in ji motsin takarda a ciki, raina ya yi fari. Sau ɗaya na ga kamar ya fi da ja, na ce idona ne.

Saura mako ɗaya ƙaramar Sallah, Malam ya dawo daga kasuwar Ɗambatta da leda a hammata. Atamfa ce shuɗiya mai zanen ganye. Shekara huɗu rabona da sabon zani. Na durƙusa har ƙasa na yi masa godiya, har da ƙwalla.

"Haba, tashi," ya ce. "Ai kin fi ƙarfin haka a wurina."

Ranar idi na zaga gida gida, duk wadda ta taɓa zanin sai in ce Malam ne ya yi mini. Na ga yadda wasu suka haɗiyi yawu, na kuma ji daɗi, Allah ya yafe mini.

Marka ta zo da ƙarfinta. Kwana uku ana ruwa, gwangwanin madara ya koma wayam, ba gishiri ba daddawa, ga yara huɗu suna kallon murhu. Ban damu ba, don ranar da na yi wa tanadi ce ta zo. Da hantsi na shimfiɗa faifai, na ɗora asusun, na yi bismillah na buga masa muciya.

Takardu suka zube. Tsohon littafin makaranta ne, an yanka shi daidai girman kuɗi, an ninke kowace huɗu. Kuɗin gaske 'yan kaɗan ne, waɗanda na tura bayan Sallah. Na tona, na sake tonawa, har ɓallin yumɓu ya yanke ni a yatsa. Barkonon ma babu. Na zauna daɓas, na rasa ko kuka zan yi.

Da Malam ya dawo daga gona ya gani, sai ya kama salati.

"Wannan aikin masu tsafi ne," ya ce. "Ba wani baƙo da ya sayi mai a wurinki?"

Nan take na tuna wani mutum mai babur da ya taɓa sayen kwalba biyu, ya biya da sabuwar takarda. Na ce shi ne. Na tambayi Malam barkonon fa, ya ce wanda ya iya mai da kuɗi takarda ai barkono ba zai gagare shi ba, gaba in haɗa da gawayi. Na yarda. Bawan Allah mai babur, na yi masa Allah ya isa ya fi a ƙirga.

'Yan kuɗin da suka tsira ba su kai mu kwana goma ba. Ranar da suka ƙare na yi ta zagaye tsakar gida kamar kazar da za ta yi ƙwai, daga baya na ɗauki ɗan kwano na nufi danga. Maƙwabciyar tana cikin waɗanda na yi wa yanga ranar Sallah. Ta ba ni gishirin, har da daddawa ɗaya.

"Ai na zaci masu atamfa ba sa rasa gishiri," ta ce tana dariya.

Na yi dariyar ni ma. Kafin sabon gero ya shigo sau shida na koma dangar nan.

Da kaka ta yi, sabuwar gyaɗa ta fito, na ɗaura atamfata na tafi bayan rafi sayen wani asusun. Tsohuwar ta gan ni ta washe baki.

"'Yata, ke kam hannunki da albarka. Na biyar ke nan fa."

"Na biyar, Inna?"

"Ke kin sayi ɗaya, Malam ya zo sau uku. Ya ce kin cika kin fasa. Har zaɓe yake tsayawa yi, wai sai mai kama da na farko, don ke ja kike so."

Ban san yadda na tsallako rafin ba. A hanya na tuna sau uku na bar gida a shekarar: sunan ɗan ƙanwata, da wata ta'aziyya, da zuwa gaishe da mahaifina cikin azumi.

Na same shi bayan la'asar yana gyara ƙotar fartanya. Na dire sabon asusun a gabansa.

"Malam, Inna mai tukwane tana gaishe ka. Ta ce akwai sauran ja in kana bukata."

Ya ajiye fartanyar. Can ya ce ai gidan aka yi wa hidima, na farko taki ya saya, na biyu ya ƙara hatsi, kuma ya san in ya tambaya ba zan bayar ba.

"Ka tambaya ne?" na ce. "To na ukun fa?"

Idonsa ne ya sauka a kan zanin da ke jikina, ya yi saurin kawar da kai.

Wallahi da ya ce mini taki zai saya, da hannuna zan fasa in ba shi, don tuwon bakinmu ɗaya. Abin da ya ci mini rai shi ne zaman da ya yi da almakashi yana yanka takarda, yana ninkewa huɗu yadda ya ga ina yi. Ashe tsayuwar nan ta bakin ƙofa koyo yake. Ya bar ni na tsine wa wanda bai ci mini komai ba, ya ga na ɗauki kwano na nufi danga bai ce uffan ba. Ya kuma tsaya a kaina ina durƙushe ina kuka, ina gode masa a kan gumina.

Ban yi yaji ba, ban kai ƙara wurin kowa ba. Sabon asusun na ba yara suka yi wasa da shi har ya fashe, kuɗina suka koma lalita a ƙuguna. Atamfar kuwa na yayyanka ta, da ita nake goge kwalaben mai.

Muna tare har yau, ya tsufa, na tsufa. Wani lokaci yakan dawo daga kasuwa da ɗan tsire ko sabulu ya miƙo mini. Ina karɓa, ina kuma cewa na gode. A tsaye nake faɗa.